Kayan birki da na giya na kasuwa a tsohuwar Peugeot 504: wanne za a yarda da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Peugeot 504 ƙirar 1984, haɗin Kaduna, ta fi shekara shida a ajiye ƙarƙashin rumfa. Ina so in tashe ta in riƙa hawa saboda tunawa da shi. Bakanikena ya ce sai an sake kayan birki gaba ɗaya, kuma giya ta biyu tana ƙara idan an saka. Kayan asali sun yi wuya, na kasuwa kuwa kowa da abin da yake faɗa a kansu. Shin zan iya amincewa da kayan da ba na kamfanin motar ba, har in ɗauki iyalina a ciki hankali kwance?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kai haske kabarinsa. Wannan tambaya ta yi mini daɗi, domin a kan 404 da 504 na koyi aiki, kuma har yau idan aka turo mini ɗaya gareji sai na ajiye abin da ke hannuna na fara zagaya ta tukuna.

Tambayarka, ɗan'uwa, tambaya biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. A birki, sabon kaya na kamfanin da aka sani ya fi tsohon kayan asali da ya shekara ashirin a kan kanta cikin kwalinsa. A giya kuwa abin juyewa yake yi: tsohon ƙarfen asali da aka ciro daga wani giyabos mai lafiya yakan fi sabon kwaikwayo mai sheƙi. Dalili shi ne ran birki yana jikin roba da ruwa, su kuwa zama kaɗai yana kashe su. Ran giya yana jikin ƙarfe, ƙarfe kuwa idan an yi shi da kyau tun farko, zama ba ya yi masa komai muddin bai yi tsatsa ba.

Mene ne ma "na asali"?

Mutane da yawa suna zaton Peugeot ce ke ƙera duk abin da ke jikin Fijo. Ba haka ba ne. Tun da 504 ta fito a Faransa a 1968, kayan birkinta daga kamfanoni irin su Girling da Bendix ake sayo su, haka kuloci da boris da sil duk wasu ke yi, a zuba su cikin kwali mai hoton zaki. Saboda haka idan ka sayi fad (abin da ke goga faifai ya tsayar da taya) na Ferodo ko kuloci na Valeo ko boris na SKF ko SNR, ba ka sauka daga layi ba, irin gidajen da masu haɗa motoci ke sayayya ka je. Abin da ake kira kayan kasuwa hawa uku ne. Akwai na waɗannan manyan gidaje. Akwai na ƙananan kamfanoni da ke sa sunansu na gaskiya a kwali, wasu nagari wasu dama-dama. Sai kuma jabu, wanda ya saci sunan wani ya manna, kuma shi ne ya ɓata wa sauran suna.

Akwai wani abu da ya shafi 504 musamman. An daina yin salun ɗinta a Turai a 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya har 2004, a masana'antar PAN, mai haɗa Fijo a Kaduna, kuma, wadda ta fara aiki a 1975, har wajen 2006. Motar da ta yi kusan shekara arba'in ana yin ta a ƙasashe daban-daban ba za ta zama iri ɗaya ba. Akwai mai faifan birki gaba da baya, akwai mai duram a baya kamar wagon da a-kori-kura. Akwai mai kalifar Girling (kalifa ita ce mai matse fad a jikin faifai), akwai mai ta Bendix, kuma fad ɗin wannan ba ya shiga waccan. Da yawa daga cikin kayan da ake cewa ba su da kyau, lafiyarsu ƙalau, na wata 504 ɗin ce aka cusa wa taka. Kada ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ce "a ba ni na 504" kawai. Ka tafi da tsohon a hannunka, a ɗora su gefe da gefe, a auna.

Birki: roba da ruwa

Motar da ta yi shekara shida a tsaye, bakanikenka ya yi gaskiya. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska ko da mota ba ta motsa ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma da zarar ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, sai su sauko zuwa 140 da 155. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo da kaya ya san yadda birki ke ɗaukar zafi. Idan man ya tafasa tururi yake zama, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai feda ta tafi ƙasa babu komai. Wannan ruwan dai shi ne yake kwanciya a ƙasan silinda ya ci ta da tsatsa. Shi ya sa ake canza man birki duk shekara biyu, ko an hau motar ko ba a hau ba.

A nan ne nake gargaɗin masu murna da sun samo kit ɗin masta "na asali tun na da", wato robobin gyaran famfon da ke tura man birki idan an taka feda. Robar da ke ciki ta sha zafin shago na shekaru, ta bushe ko ta taurare. Za ta shiga, za ta yi aiki mako biyu ko wata guda, sannan ta fara barin mai ya wuce. Ni dai a duk abin da yake roba a birki, wato kofunan masta, robobin kalifa, na silindar taya da tiyo, sabo nake nema, na kamfanin da aka sani, daga mai shagon da zan iya komawa wurinsa gobe in yi masa magana.

Sai dai sabuwar roba ba ta gyara ramin da tsatsa ta haƙa. An taɓa kawo mini wata 504 da aka sa mata kit sau uku cikin wata biyu, mai ita yana ta zagin kayan kasuwa. Da na zare fistin na haska cikin mastan da tocila, sai ga ɗigo-ɗigon ramuka a ƙasan bangon, daidai inda robar ke goga. Ko wace irin roba aka sa a nan sai ta yage. Idan tabon na sama-sama ne ana iya goge shi a sumulce. Idan farce yana maƙalewa a ciki, masta sabuwa za a saya, ko a kai wa masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa su dasa mata hannun riga na ƙarfen da ba ya tsatsa. Haka fistin ɗin kalifa: idan farin rufinsa ya ɓare, a canza shi, kada a kankare da sanfefa a mayar.

Idan za ka sayi masta sabuwa, faɗin bakinta ya zama daidai da na tsohuwar. Wadda ta fi faɗi za ta sa feda ta yi tauri amma motar ba ta kamawa sai ka tsaya a kai. Wadda ta fi ƙanƙanta za ta sa feda ta yi nisa kafin ta kama. Ka duba zaren da bututu ke ɗaurewa da siffar bakinsa, kada a tilasta noti ya shiga da ƙarfin sifana. Kuma kafin a ɗaura ta, ni nakan buɗe ko sabuwa ce, domin na sha samun ɓurɓushin ƙarfe a cikin masu araha, wanda ba a wanke ba daga masana'anta.

Abu biyu nake roƙon ka tsaya a kansu da kanka ranar aikin. Na farko, kada a wanke kayan cikin birki da fetur ko kananzir ko gas. Robar birki ba ta jituwa da duk man da aka tace daga ɗanyen mai, kumbura take yi ta yi laushi kamar tuwo. Da man birki mai tsabta ake wanke su. Na biyu, kada a zuba komai a tankin sai man birki daga sabuwar gwangwani da aka buɗe a gabanka. Koren man nan LHM na tsofaffin Citroën ba na motarka ba ne, kuma ruwan sabulun da direbobi ke zubawa a hanya idan mai ya ƙare yana tafasa da wuri, ya bar tsatsa a ko'ina. Shi kuma DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kada lambar ta ruɗe ka ka ɗauka ya fi DOT 4 ne kawai. DOT 4 ya ishe ka.

Tiyon roba da ke zuwa taya yana da wata cuta da ido ba ya gani. Yakan kumbura ta ciki ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya, mai ya tafi idan ka taka, ya kasa dawowa idan ka saki. Sai taya ɗaya ta riƙa riƙewa tana zafi, mota tana janyewa gefe. A canza su duka. Nagari yakan zo da rubutun SAE J1401 da kwanan watan da aka yi shi a jikinsa. Bututun ƙarfen kuma, idan ya yi tsatsa, a sa na ƙarfe ko na gaurayen jan ƙarfe da nikel da aka yi don birki. Zallan jan ƙarfe irin na masu gyaran firji yana taurarewa da girgiza ya tsage, kuma na ga an sa shi ba sau ɗaya ba.

Fad da shu

Nan ne kayan kasuwa suka fi samun sauƙin tantancewa, domin akwai ƙa'ida. A Turai, tun 1999, ana buƙatar fad ɗin canji ya ci gwajin ECE R90, wanda ke nufin kamunsa kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Za ka ga alamar E da lamba mai farawa da 90R a bayan fad ɗin da kuma kwalin. Dokar ba ta tilasta wa motocin da suka tsufa kamar taka ba, amma kamfanin da ya saba bin ta ba ya sake hali. Wasu fad ɗin kuma suna da haruffa biyu a gefe, kamar EE ko FF. Harafin farko ƙarfin kamu ne a sanyi, na biyu a zafi. E yana tsakanin 0.25 da 0.35, F kuma 0.35 zuwa 0.45. Ga tsohuwar mota, FF nake so.

Kada wani ya ruɗe ka da fad mai tauri wai ya fi daɗewa. An yi birkin 504 ne a zamanin fad mai laushi, mai kamawa tun yana sanyi. Mai taurin zai daɗe, amma faifai zai cinye, kuma da safe a mahaɗar farko za ka ji motar tana zamewa. Fad ya ƙare a canza shi ya fi sauƙi a kan neman faifan 504 mai kyau yau. Shi faifan da duram suna da iyakar da aka buga a jikinsu, mafi ƙarancin kauri ga faifai, mafi yawan faɗi ga duram. Idan an wuce nan, gurzawa ba gyara ba ce.

Shu shi ne ke goga duram daga ciki. Tsohon shu da aka manna da gam yakan ɓare daga ƙarfensa idan ya daɗe a ajiye, ya maƙale taya ana cikin tafiya. Waɗanda ke motarka yanzu ma ina zarginsu da haka. Wani abu kuma da ya shafi lafiyar yaran gareji: tsofaffin fad da shu da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa tana jawo cutar huhu da daji bayan shekaru. Kada a busa duram da iska ko da baki. A jiƙa, a goge da tsumma.

Har ila yau akwai wani ɗan bawul a ƙarƙashin 504 ta baya, mai rage ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin da aka ɗora. Yakan ƙame idan mota ta zauna, wasu kuma cire shi suke yi su haɗa bututu kai tsaye. Idan aka yi haka, ranar da ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta tayoyin baya ne za su fara kullewa, bayan motar ya juyo gaba. A duba shi.

Giya ta biyu da ke ƙara

Kafin a sauke giyabos, a yi wannan gwajin. Mota tana kunne, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga biyar, ka sa ribas. Idan ta yi ƙara, kulocin ne ba ya saki sosai. Kulocin 504 da mai yake aiki, yana da mastansa ta sama da silindarsa ta ƙasa, kuma duk abin da zama ya yi wa birki ya yi musu. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, da kuɗi kaɗan. Idan ribas ta shiga shiru amma ta biyu kaɗai ke ƙara, musamman idan ana saukowa daga ta uku, to zoben sinkoro ne ya cinye, wato zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Ta biyu ce ta fi shan wahala a cikin gari, shi ya sa ita ke fara kuka.

Giyabos ɗin da aka fi samu a 504 shi ne BA7, mai giya huɗu, daga baya aka yi mai biyar. Ƙarfensa mai kyau ne ƙwarai. Haƙoran giya ana gasa fatarsu ta yi tauri, cikinsu ya zauna da ɗan laushi don kada su karye, kuma wannan gashin shi ne abin da mai kwaikwayo ke tsallakewa ko ya yi shi rabi da rabi, domin ido ba ya gani. Sabon haƙori na kwaikwayo zai yi kyau a hannu, ya shiga daidai, bayan 'yan watanni ya fara kuka, idan ka kwance noti na ƙasa ka ga garin ƙarfe a cikin mai. Wannan garin kuma bi yake ya cinye boris da sauran haƙoran da ke lafiya. Zoben sinkoro na kwaikwayo shi ma matsalarsa kusurwa ce: idan gangaren cikinsa ya kauce ko da kaɗan, ba zai kama ba. Gwajinsa a hannu ake yi. Ka ɗora shi a mazauninsa, ka danna ka murɗa. Nagari zai cije, kuma zai bar ɗan tazara, ba zai zauna har ƙasa ba. Wanda ya zame kamar an shafa masa mai, ko yake rawa, ka mayar wa mai shi.

Saboda haka shawarata a nan ita ce a nemo giyabos na hannu cikakke, ko da ba za a ɗaura shi ba, a mayar da shi rumbun kaya. Albarkacin shekarun da aka yi ana haɗa motar a Kaduna, har yanzu ana samunsu a wurin masu yanka motoci. A buɗe shi a gabanka, a duba haƙora, a juya sanda a ji ko tana gurnani. Daga cikin biyu a haɗa ɗaya mai kyau.

Abin da za a saya sabo a giyabos shi ne boris, sil da gasket. Boris yana da lamba a jikinsa, a saya da lambar, har da haruffan da ke bin ta, domin su ke nuna ko yana da tsagin zobe ko wani sassauci na musamman. Shi ne kuma aka fi yi wa jabu, don haka idan farashin ya yi ƙasa da na kowa, araha ba ta ado. Siraran washa da ke tsakanin kaya kuma kada a yar da su ko a musanya musu wuri, da su aka daidaita wasan sandunan. Sabon sil a kan sandar da tsohon ya riga ya yi wa zobe zai ci gaba da yoyo, sai a ɗan gusa mazauninsa ko a gyara sandar.

Maganar mai tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. A littafin motar, man inji aka rubuta wa wannan giyabos, ba mai kaurin nan na aksul ba. Man aksul mai alamar GL-5 yana da sinadaran da suka dace da haƙoran baya, amma santsinsa yana hana zoben sinkoro kamawa, kuma wasu irinsa suna cin tagulla idan sun yi zafi. Na sha ganin giyar da aka yanke wa hukuncin saukewa ta warke da canjin mai kawai. A gwada wannan ma kafin a kwance komai.

Idan an sauke giyabos ɗin, a canza kuloci gaba ɗaya, faifai da murfi da boris ɗinsa, na gida ɗaya irin Valeo ko Sachs ko LuK. A 504 saukewar tana da aiki saboda farfelar, wato sandar da ke juya tayoyin baya, tana cikin bututu, ba aikin da za ka so a maimaita ba ne saboda boris mai araha.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga motar ba, kuma duk abin da na faɗa a kan mai giyar hannu ne. Ko ni da nake riƙe da kaya a hannu, ido da yatsa ba sa gane irin robar da aka yi kofin masta da ita, ba sa gane zurfin gashin haƙori. Masu jabu kuma sun iya buga kwali da alama har da lambar R90. Abin da ya rage mana shi ne mai shago amintacce, da kwatanta sabo da tsoho, da gwaji bayan an ɗaura.

Gwajin kuwa ga shi. Bayan an fitar da iska, mota a kashe, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe, ka tayar da inji. Feda ta ɗan sauka kaɗan, alamar tulun iskar da ke bayan masta yana aiki. Sannan ka ci gaba da dannawa daidai wa daida na rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali, masta tana zubarwa ta ciki, ko sabuwa ce a cire ta. Daga nan ka nemi hanya marar mutane, kai da bakaniken kaɗai, ka yi ta tsayawa a hankali daga gudun kilomita 50 a awa kamar sau goma don fad ya zauna a kan faifai, kana lura ko tana janyewa gefe. Ka sauka ka kusantar da hannu ga kowace taya, wadda ta fi sauran zafi tana riƙewa. Washegari da safe ka leƙa ƙarƙashinta da bayan kowace taya ko akwai ɗigon mai, ka duba tankin ko ya ragu. Ka yi mako biyu kana hawanta kai kaɗai a cikin gari kana maimaita wannan dubawar kafin iyali su shiga. Tayoyin da suka yi shekara shida a tsaye su ma a canza su ko da zanensu bai goge ba, domin birkin da ya fi kowane kyau a kan taya yake tsayawa.

Idan ka samu dama, ka turo mini sunan da ke jikin kalifar gaba, da bayanin ko bayanta faifai ne ko duram, da abin da gwajin ribas ya nuna. Da su zan iya faɗa maka takamaiman abin da za ka nema a kasuwa.